Rarar Yadin da Yaya Ke Bari a Cikin Riga

Yayata tela ce, kuma duk layinmu an san ta da abu ɗaya: ba ta datse rara. Idan ta ɗinka miki riga, juya cikinta ki duba, za ki tarar ta bar yadi mai faɗi a kowane gefe, ta ninke shi ta kwantar da guga. Sauran teloli yankewa suke yi su zubar. Ita kuwa cewa take jikin mace ba ya zama wuri ɗaya, don haka a bar wa riga wurin numfashi. Ni ce mai yi mata guga da sa maɓalli tun ina budurwa, ga shi yanzu har furfura ta fara leƙo ni, kullum muna faɗa, kullum muna tare.

Shagon ɗaki ɗaya ne. Keken ɗinki biyu, fanka mai ƙara kamar za ta faɗo wa mutum a ka, madubi mai tsaga a gefe, sai ƙaramin firij a bayan ƙofa. Wannan firij ɗin, wallahi da ina da ƙarfi da tuni na kai shi bola. Babu abin da ke cikinsa sai lemun kwalba da kek, kuma ba na Yaya ba ne, don ita ciwon suga ya daɗe da raba ta da zaƙi. Na Auta ne, 'yarta mace tilo bayan maza uku.

Auta tana ƙarama ta yi wata doguwar jinya, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Yaya goye da ita take taka keke, tana ɗinki tana hawaye. Da yarinyar ta tashi, sai Yaya ta ɗauki alkawari tsakaninta da zuciyarta cewa ba za ta sake ganin ƙashin wuyan 'yar nan ba. Ta kuwa cika alkawari har ta zarce. Auta ta girma, ta yi aure, ta samu aiki a wani ofis inda take wuni zaune tana amsa waya, amma ko da yaushe idan ta tashi sai ta biyo shago. Kafin ta ajiye jaka an buɗe mata lemo, an yanka kek, an ɗora shayi da madara mai kauri. Idan na ce abin ya yi yawa, Yaya ta harare ni ta ce ni da ban haifa ba me na sani. Maganar tana yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, amma sai in ja bakina in ci gaba da guga.

Duk kayan Auta a shagonmu ake goge su, don mijinta direba ne mai yawan tafiya, ita kuma ba ta da lokaci. To a nan Yaya take aikinta. Da ta lura riga ta fara kama Auta a hammata ko a ƙugu, sai ta ɗauki reza ta warware gefen, ta saki rara kaɗan, ta mayar da ɗinki, in bi da guga. Auta ta sa kayanta ta ji daidai, ta tsaya gaban madubi tana yabon kanta, wai ita jikinta bai canja ba tun kafin aure. Yaya ta ce ƙwarai kuwa. Na sha gaya mata wannan ba taimako ba ne, ta ce ita dai ba ta son ran 'yarta ya ɓaci a kan riga.

Sai Auta ta samu ciki. Murna a wurin Yaya ba a magana, har ta fara tara ƙyallaye masu laushi a wata leda. Cikin bai yi nisa ba ya zube. Na ga tashin hankali a rayuwata, amma ban taɓa ganin Yaya ta rufe keke da rana tsaka ba sai a lokacin.

Bayan Auta ta warware ta koma asibiti, daga can kuma ta zarce shago ranta a ɓace. Ta ce likitar ta gaya mata ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ya jawo ɓarin, kada ta ɗora wa kanta laifi. Amma jininta ya ɗan hau, sugarta tana bakin iyaka, nauyinta kuma ya wuce yadda ake so. Ta ba ta shawara ta ɗan dakata da neman wani cikin, ta rage jiki a hankali ba da yunwa ba, ta yawaita ganye da wake da ƙwai da kifi, ta bar lemun kwalba, ta riƙa taka ƙasa, ta fara shan ƙwayar folik asid tun kafin ciki ya shiga. Ta ce mace idan ta shiga ciki da suga a bakin ƙofa, ciwon yakan shigo, wani lokaci ya tafi bayan haihuwa ya dawo ya zauna, har abin da aka haifa ma yana iya cin karo da shi idan ya girma. Da ta ji mahaifiyar Auta tana da ciwon, sai ta ƙara jaddadawa.

Auta ba ta yarda ba. Ta ce ma'aunin asibitin ne ya lalace, ita ba za ta jira komai ba, shekaru suna tafiya. Ta kama rigar jikinta ta girgiza, ta ce, "Umma, ba ke kika ɗinka min wannan kafin aurena ba? Ga ta nan daidai. Ina ƙibar take?"

Na ajiye dutsen guga na dubi Yaya. Na rantse da ta yi shiru da ni zan fasa ƙwan, ko da za ta kore ni daga shagon. Amma ban kai ga buɗe baki ba. Yaya ta tashi da ƙyar, don ƙafafunta sun daɗe suna mata nauyi, ta ciro wata rigar Auta daga cikin kayan guga, ta juya cikinta, ta shimfiɗa a kan tebur ƙarƙashin fitila. Ga sawun allura nan layi bayan layi, kowanne ya matsa gaba da na baya, har rarar ta kusa ƙarewa.

"Ma'auninsu ƙalau yake," in ji ta. "Ni ce nake buɗawa."

Auta ta bi layukan da yatsa. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar lemon a buɗe. Yaya ta zauna ta ce min a hankali, ita allurar suga take soka wa kanta kullum, zare ya fara zame mata biyu a ido, ashe wannan hanyar take ta share wa 'yarta da hannunta. Tausayinta ya kama ni har na kasa ce mata ai na faɗa, ni da ba na barin irin wannan dama ta wuce.

Auta ta ɗauke ƙafa kwanaki. Ranar da ta dawo, a ƙasa ta tako tun daga ofis, tana haki tana gumi, ta ce a ba ta ruwa. Yaya ta buɗe firij, babu komai ciki sai ruwa da gurji da dafaffen ƙwai. Ba su yi zancen rigar ba, har yau kuwa ban ji sun yi ba.

Kada wani ya ce abin ya zo da sauƙi. Akwai ranar da na kama Auta da biskit a jaka, akwai ranar da na kama Yaya tana ƙara mata shinkafa a kwano da sunan ta ga idonta ya faɗa. Duka biyun na wanke su tas. Mijin ma, bawan Allah, da ya saba dawowa daga tafiya da kwalin alewa, ya koma kawo lemun zaƙi da kifi, yana cewa shi ma tumbinsa ya fara taɓa sitiyari. Watanni suka shuɗe. Auta ba ta zama siririya ba, ba kuma abin da aka nema ke nan ba, amma likita ta ce jinin ya sauka, sugar ta ja baya. Kayanta suka fara yi mata yawa, ta riƙa kawowa da kanta a rage, tana tsaye ana awo, Yaya tana faɗin abin da tef ya nuna da ƙarfi kowa ya ji. A lokacin idon Yaya ya ƙara rauni. Ni nake zura mata zare a ɓoye kafin Auta ta iso, don ta roƙe ni kada in faɗa.

Wata rana da yamma Auta ta shigo da riga ɗaya a hannu, tana wani sunkuyar da kai. Ta ajiye a gaban uwarta ta ce, "Umma, wannan buɗawa za ki yi. Ta gaba."

Yaya ta gane ciki ne. Abin da ta fara tambaya shi ne ko likita ta sani. Auta ta ce ta sani, da yardarta ma aka yi, kuma gwajin farko ya yi kyau. Sai Yaya ta juya cikin rigar tana laluben gefen da yatsa. Rarar tana nan, duk ragin da aka yi ba ta datse ko kaɗan ba. Ta warware ɗinkin da reza ba tare da ta duba ba, hannunta ya san hanya. Da ta zo zura zare ta kai sau ɗaya ta kuskure, ta sake kaiwa ta kuskure, ni kuma ina riƙe da dutsen guga na rasa yadda zan yi in taimaka ba a gane ba.

Auta ta daɗe tana kallon hannun uwarta. Sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da keken, ta karɓi zaren ta zura, ta ce daga yau kullum idan ta taso aiki ita za ta riƙa yi.