Kawu Mai Tauna Dusa

Jiya a kasuwar Moriki na tsinci kaina ina tauna dusa kafin in taya. Mai dusar ya yi dariya, ni kuwa idona ya ciko, don wannan ɗabi'ar Kawu ce. Tsohon malamin dabbobi ne, kuma har ya rasu bai taɓa zuba wa saniya abin da bai ɗanɗana ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a matata ta haihu, ruwan nono ya ƙi zuwa, jaririyar ta koma kan madarar saniyarmu. Lokacin ko'ina wa'azi ake yi kan masu zuba wa nono ruwa. Wata rana da hantsi ina jiƙa tunkuzar gyaɗa a komin saniyar, sai ga Kawu. Ya gutsura, ya tauna, ya tofar. Har yau ina jin warinta, kamar ɗakin da aka rufe duk damina.

"Ta yi hunhuna. Zubas da ita."

"Kawu, ai saniya ce za ta ci."

"Saniya ta ci, ɗiyarka ta sha," in ji shi. "Algus na ruwa ai mai sauƙi na, ɗana. Abin da ka zuba a komi, shi kaka tatsa."

Ya koma gida, ya dawo ɗauke da damin harawar da ya tanadar wa tasa saniyar, koriya shar, tana ƙamshin gona.

Yarinyar nan yau ita ke goye da tata ɗiyar. Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi madarar Aljanna, inda ba sai ya fara ɗanɗana wa kowa ba.