Mutumin da Ya Ga Fenti a Haƙoran Ɓera

Ƙarfe bakwai saura kwata yake buɗe ɗakin, yau shekara ashirin da shida ke nan. Ɗaki ne can ƙarshen baranda a wata cibiyar bincike, ba taga, sai fanka mai ƙara da kejin fararen ɓeraye jere har kusa da rufi. Ya canja musu ruwa, ya auna abinci, sannan ya riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya cikin wani akwatin katako mai lunguna, yana duba agogo ya ga daƙiƙa nawa kowanne zai yi kafin ya gano hanyar fita. Baba Mai Ɓera ɗalibai ke ce masa. Ba mai zama kusa da shi lokacin cin abinci, wai rigarsa na ƙarni. Shi ma ya saba, a bakin ƙofarsa yake ci.

Abin da cibiyar ke bincike a kai shi ne yadda za a kare ƙwaƙwalwa daga gubar maganin feshi. Baba kuwa ba a takarda ya san gubar nan ba. Yayansa ya yi shekaru yana feshi a gonakin mutane, ba takunkumi ba safar hannu. Yanzu hannunsa rawa yake, in ya fita ƙofar gida sai an nemo shi. Su biyu kaɗai suka rage a gidan.

Shekara uku da suka wuce aka samu wani magani da ya nuna alamar nasara. Ɓerayen da aka ba shi suna gano hanya da wuri, waɗanda ba a ba su ba kuwa sai dawurwura. Farfesa, shugabar binciken, har ta fara rubuta rahoto. Ranar Baba da sassarfa ya shiga gida yana cewa, "Yaya, an kusa!"

Sai wata safiya ya ga jan fenti a haƙoran wani ɓera. Ya duba, ashe kejin waɗanda ba a ba magani ba ne kaɗai aka yi wa sabon fenti, kuma gwaguyarsa suke yi. Ba wanda ya lura sai shi. Mai shara ta ce ya fi awa guda zaune riƙe da ɓeran, kafin ya tashi ya ƙwanƙwasa ofishin Farfesa.

"Ranki ya daɗe, a gwada fentin nan."

"Baba, ka san me kake faɗa kuwa? Aikin shekara biyu fa!"

"Na sani. Ni ma ina da mai jira a gida."

Aka gwada, aka samu dalma a ciki, ita ma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa. Fenti ne ya rikita waɗancan, ba magani ne ya ceci waɗannan ba. Aiki ya koma ɗanye. Ɗalibai biyu ba su kammala a shekarar ba, suka yi wata huɗu ko gaisuwarsa ba sa amsawa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bai taɓa cewa da na sani ba.

Baba, kai ne ka fi kowa son maganin nan ya zama gaskiya, kai ne kuma ka rushe shi da bakinka, don kada a ɗura wa marasa lafiya abin da ba zai yi musu komai ba. Mai idon da ya fi na'ura! Sunanka ba ya cikin rahoto ko ɗaya, sai ɗan layin ƙasa da ke gode wa "ma'aikata". Ƙarshen watan nan za ka yi ritaya, ka miƙa makulli. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku da za ku gaji ɗakin, ku riƙa duba haƙora kamar yadda yake yi, kuma ku yi hanzari. Yayansa ba kullum yake gane shi ba yanzu, amma duk yamma in ya ji motsin ƙofa sai ya ce, "Kai ne na wajen ɓerayen nan? Sun gano hanya?"

Baba ya daina cewa an kusa. Sai ya kama hannun nan mai rawa ya ce, "Tukuna dai, Yaya. Ana nema."