Farcen da Baffa Ya Yanke

Ran Juma'a na je gaishe da Baffa, ƙanen mahaifina, a gidansa na unguwar Safa. Tun daga matakala nake jin wani kiɗa yana ta zagaya wuri ɗaya. Da na shiga sai ga jikansa rungume da molon Turawa, wai shi banjo. Ya saƙala faratan ƙarfe a yatsu uku, idonsa na kan waya, wani Ba'amurke mai malafa yana koya masa: babban yatsa, manuni, na tsakiya, a sake komawa. Baffa kuwa yana kishingiɗe yana gyaɗa kai, sai ka ce ya taɓa sanin darajar wani abu a duniya.

Ni kuwa na san irin wannan kiɗan tun ba a haifi uban yaron ba.

A unguwar Sharafiyya na tashi, a ɗaki biyu saman shagon wani tela. Kakana ya zo hajji da ƙafa tun yana saurayi, bai koma ba, kuma abin da ya taho da shi daga gida molonsa ne kawai. Lokacin zafi, in la'asar ta yi, iskar teku ta fara shigowa da danshinta, sai ya hau saman bene ya shimfiɗa tabarma. Babban yatsansa ba ya barin gajeriyar tsirkiya, manuni kuma yana sauka kan dogayen, su yi ta bin juna har shayinka ya huce ba ka sani ba. Sirrin duk yana ga farcen manunin nan na dama. Ya tara shi, yana ƙunsa masa lalle don ya yi tauri, yana goge bakinsa da ɗan dutse.

Baffa ya tsani farcen nan. Ya samu aiki a wani ofis, ya daina Hausa a kan titi, ya shiga neman auren 'yar wasu mutanen unguwar Aziziyya. Su dai ya gaya musu ubansa ɗan kasuwa ne. Ranar da za su zo ganin gida ya cusa molon bayan katifa, amma ina za a ɓoye hannun da za a gaisa da shi?

"Aib ne, Baba, abin kunya," in ji shi. "Za su ce mu makaɗa ne."

"Da shi na ciyar da kai," in ji kakana.

Bayan azahar tsohon ya kwanta ƙailula. Ina bakin ƙofa Baffa ya durƙusa kamar mai neman albarka, ya kama yatsan a hankali, ya datse farcen. Wallahi har yau ban ga ragwanta irin wannan ba, ƙato da gemunsa ya jira ubansa ya yi barci.

Kakana ya farka ya dubi yatsansa. Ya tarbi baƙi, ya zuba musu gahawa da hannun. Washegari ya hau bene ya gwada, sautin ya fito a dushe, ya jingine molon. Farcen tsoho ba ya saurin tsirowa, wanda ya fito ma a tsage ya fito. Kafin ya kai yadda yake, kakana ya rasu. Molon kuma Baffa ya bar shi gefen bola ranar da muka tashi daga gidan.

"Ni na sayo masa, har da faratan," Baffa ya ce mini ran Juma'ar nan, yana nuna banjon jikansa yana washe baki. "Yalla, maza kaɗa wa goggonka ta ji."

Yaron ya kaɗa, ba laifi. Sannan ya tambaye ni da guntuwar Hausarsa, "Goggo, a danginmu akwai wanda ya taɓa kiɗa?"

"Akwai," na ce. "Tambayi kakanka inda ya kai farcensa."

Baffa ya ƙwala wa matarsa kira wai a kawo shayi.

Yanzu kiɗa ya zama abin ado tunda daga Amurka ya zo a cikin kwali. Mutumin da ya yanke farcen ubansa ya tsufa yana sayen na ƙarfe, kuma har na fito bai iya duban idona ba.