Tauraron da Baba Ya Yi Wa Gadi

Shekarar da muka baro ƙauyenmu Gwaska, Baba ya rage magana. Gonarsa tana bakin daji, ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga. Muka kama haya a cikin garin Birnin Gwari. Mutumin da bai saba wuni a gida da damina ba, sai ga shi a zaure kan tabarma tun safe har la'asar.

Ni kuwa ina digiri na biyu a Zariya, ina karanta kimiyyar sararin samaniya. Da na zo hutu, na taho da aikina a kwamfuta. Wata manhaja ce da ake ba lissafi, ta nuna yadda gajimaren gas ke malala a sarari kamar ruwa, nauyinsa yana tattaro shi wuri guda, har ya dunƙule ya zama tauraro. Kwamfutar tsohuwa ce, sai ta yi kwanaki tana aikin. A zaure batirin sola yake, don haka na ajiye ta kusa da Baba.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wane hayaƙi ne wannan?"

Na durƙusa na nuna masa. "Kowane ɗigo yana jan na kusa da shi, Baba."

"Ke kika ce su ja juna?"

"Allah ne Ya halicce su haka. Mu kwaikwayo kawai muke yi."

Ya gyara zama ya matso.

Tun daga ranar ya zama mai gadi. In kwamfutar ta ɗau zafi, ya sa mafici ya yi ta yi mata fifita. Kaji ba su isa su leƙo zauren ba. In na kawo masa abinci, sai ya tare ni da labari: "Yau gefen hagu ya fara juyi, kamar ruwan rafi in ya samu rami."

Sai aka jera kwanaki ana ruwa, rana ba ta fito ba, batirin ya ƙare. Ina tankaɗe a madafa ya shigo, hularsa a hannu.

"Uwata, gajimaren naki ya mutu a hannuna."

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa manhajar tana adana aikinta a hanya, in wuta ta samu daga inda ta tsaya za ta ɗora.

"Ashe ba sai an koma farko ba?"

"A'a, Baba."

Sai ya mayar da hularsa.

Wata rana da hantsi na jiyo yana ƙwala mini kira. Gajimaren ya baje kamar faifai, tsakiyarsa ta yi haske. Kafin in zauna, har ya kirawo maƙwabcinmu, wani malamin firamare mutumin kudancin Kaduna, ya zo da rigarsa ta coci. Baba ne ya yi bayani da yatsa a kan gilashin, yana dariya, malamin yana ta tambaya.

Ranar komawata shi ya rungumo jakar kwamfutar har tasha. Yaran mota suka miƙa hannu za su cusa ta cikin kaya, ya hana. Sai da na zauna ya ɗora mini ita a cinya, ya leƙa ya ce wa direba ya bi ramuka a hankali.