Ƙarar da Na Ce ta Tauraro Ce

Shekarar da Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko, ina koyar da ajin ƙarshe a wata firamare a Lafiya. Shekaruna ashirin da biyu, wasu ɗaliban nawa ma da kaɗan na girme su.

Tun farkon shekara muke haɗa rediyo ni da su, da tarkacen da wani akawun gidan waya ya ba ni. A akwatin sabulu muka dasa kayan, muka ja eriya daga sandar gora zuwa bishiyar mangwaro. Da jarida ta ce tauraron yana fitar da wata 'yar ƙara da ake kamawa a gajeren zango, sai na yi subul da baka na ce wa ajin, “Mu ma za mu ji shi.”

Kwana goma muna gwadawa a lokacin hutun tara, ban da shuuu ba ma jin komai. Yara suka fara zamewa zuwa filin ƙwallo. Mutum ɗaya ne bai taɓa fashi ba, wani dogon saurayi ɗan ƙabilar Alago daga Doma, wanda shi ya naɗe wayar cikin akwatin da hannunsa.

Rana ta goma sha ɗaya wata ƙara ta shigo, ƙit, ƙit-ƙit, ƙiii. Jarida ta ce ƙarar tauraron a jere take, ba ta canzawa. Wannan kuwa tana tsayawa tana ci gaba, na kuma san bugun saƙon tangaraho ne. Ido talatin da wani abu na kaina.

“Shi ne,” na ce.

Ajin ya kaure da ihu har hedimasta ya leƙo. Saurayin nan bai yi ihu ba, ya dai dafa akwatin yana murmushi. Ran nan ko abincin rana ban iya ci ba.

Ranar Litinin ya zo da mahaifinsa. A ƙafa dattijon ya taho daga Doma, ya bar aikin doya don ya ji abin da ɗansa ya haɗa. Na kunna, na lalubo ƙarar. Ya sa abin ji a kunne, ya rufe ido, sai na ga yatsansa yana bugun tebur yana bin ta daidai. Ya cire ya ce wa ɗansa, “Aikinka ya yi kyau.” Sannan ya dube ni. “Malam, raka ni.”

A gindin mangwaron ya tsaya.

“Na yi soja a ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya,” ya ce. “Shekara uku ina ɗaukar akwatin wayar aika saƙo a baya. Wannan mutum ne yana aika saƙo. Ka sani ko ba ka sani ba?”

“Na sani, Baba.”

“To me ya sa?”

“Sun gaji da jira. Na ji tsoro su ce aikin banza muka yi.”

Ya dubi eriyar. “Yaron ya gaya wa duk unguwarmu. Ni ba zan ƙaryata malaminsa ba. Kai ka faɗa masa da bakinka.”

Ban faɗa a ranar ba, ban faɗa washegari ba. Kullum sai in shiga aji da niyya, in ɓuge da lissafi. Sai da mako ya zagayo na tsaya gaban allo na ce ƙarar da muka ji ta tangaraho ce, kuma tun a lokacin na sani. Wasu suka yi dariya, wani ya ce dama shi bai yarda ba. Saurayin ya ɗaga hannu.

“Malam, to mu sake gwadawa.”

Dole na gaya masa abin da na karanta da safen nan: batirin tauraron ya ƙare, ya daina ƙara. Kwanakin da za mu iya ci gaba da nema, ni na cinye su.

Ya sauke hannunsa a hankali. Ya gama shekarar, ya ci jarrabawa da kyau, yana gaishe ni da ladabi duk inda muka haɗu. Amma daga ranar, duk abin da na faɗa a aji sai na ga ya buɗe littafi ya duba kafin ya rubuta. Ban taɓa hana shi ba. Na yi shekara talatin da huɗu ina koyarwa bayan haka, kuma har na yi ritaya ban samu zuwa Doma na gaishe da mahaifinsa ba.