Ranar da Muka Ɗora Giyabos Ɗin Sule a Kan Sikeli

Shekara tara ke nan da muka kai Sule makwancinsa. Duk shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina, don ba kowace mutuwa ce take buƙatar shafin jarida ba. Bana shirun ya gagare ni. Raina a ɓace yake, kuma cikin mutanen da nake fushi da su har da mai wannan rubutu.

Ga wanda bai san shi ba, Sule bakanike ne a wani lungu na Ƙofar Dumi, aminina tun muna aji ɗaya. Ni na zarce na zama malamin makaranta, na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane tarihi. Shi ya tsaya a aji huɗu ya shige ƙarƙashin mota. Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da birki. Giyabos kaɗai ya sani, na tsofaffin motocin nan masu kuloci da direba ke sa wa giya da hannunsa, musamman akori-kurar da ta daɗe tana kwaso amfanin gona daga ƙauyuka. A bayan garejinsa akwai ɗaki guda cike da su, a jere kan katako, kowanne da alamar farin fenti wadda shi kaɗai ya san fassararta.

Idan an tashi daga makaranta nakan biya in zauna a bencinsa da jaridata. Sai a kawo giyabos a buhu, ba takarda, ba labarin motar da aka ciro shi. Sule ba ya fara duba lambar da ke jiki, ya ce lamba ana kankare ta a buga wata. Farce yake sawa a bakin sandar da ke shiga kuloci ya ƙirga haƙoranta. Ya duba inda hannun giya ke shiga: in ta gefe ne, na mai giya a sitiyari ne, in ta sama ne, na mai giya a ƙasa. Daga nan ya kwance notin da ake zubar da mai, ya murza man a yatsu, ya kai hanci. Idan man yana ƙyalli, to haƙoran ciki sun daɗe suna cin juna. A ƙarshe ya sa giya ɗaya bayan ɗaya yana juya sandar, kunnensa manne da ƙarfen.

"Ticha," in ji shi, "wannan na akori-kura ne, fitowar farko, giya huɗu. Ta biyu ta fara gajiya, amma zai kai mutum shekara biyar in ba irin tuƙinka yake yi ba."

Sai bayan nan yake yanka farashi, gwargwadon ran da ya rage a ciki da wuyar samun irinsa. Wanda kuwa aka wanke fes aka shafa wa fenti, ko buhun ba ya bari a gama buɗewa.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Dattawan da suka zauna masu tsoron Allah ne, ba na zarginsu da cin ko ƙwandala. Gida an san darajarsa, fili ma haka. Da aka zo kan ɗakin nan sai kowa ya kalli na kusa da shi. Ana cikin haka Oga Emeka ya yi sallama, mai shagon kayan mota da suka yi shekaru suna hulɗa da Sule. Ya cire takalmi a bakin zaure ya durƙusa gaban kawun 'ya'yan Sule.

"Alhaji, don Allah kada ka sayar da wannan kaya a kilo. Ni zan duba shi ɗaya ɗaya, in gaya maka kuɗinsa. Ba na son ko sisi."

Aka yi masa godiya. Yana fita kawun ya ce, "Kun ji ɗan kasuwa. Yau ya sa kuɗi, gobe ya turo a saya masa." Wani ya ce sikeli ba shi da dangi, ba zai fifita magaji kan magaji ba. Sai aka juyo gare ni, tunda ni ne mai boko kuma amininsa. Ni da na zauna a bencin nan har katakonsa ya ɗauki siffata, na gyara murya na ce lalle awo ya fi kusa da adalci. Tsoron a ce na goyi bayan baƙo ne ya sa, ba wani abu ba. Da kyakkyawan rubutuna na malami aka sa a takardar rabo: tsofaffin ƙarafa, tari ɗaya.

'Yan gwangwan suka zo da guduma, don kwanson giyabos na gorar ruwa ne, wato alminiyam, kuɗinsa daban da na baƙin ƙarfen ciki. A gabana suka farfasa su. Kwanson ya tafi wurin masu narka tukwane, lungu uku daga garejin. Wataƙila akwai gidan da yau ake dafa shinkafar biki a cikin abin da Sule ya yi shekaru yana adanawa.

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne, a watan jiya wani direba mai suna Bala ya same ni a gida a Ɗan Iya. Daga lambunan Gubi yake ɗauko tumatir da alayyahu zuwa kasuwa, a akori-kurar da ya gada wurin mahaifinsa, kuma da ita yake ciyar da gidansa. Giyabos ya watse, wata huɗu motar tana kan duwatsu. Sau biyu ya sayi wani, duka ba su shiga ba, masu shagon kuma sun ce abin da ya fita ba ya dawowa. Oga Emeka ya tsufa ya koma garinsu. Yanzu an samo masa na uku, ya sayar da ɗan bijiminsa don shi.

"Baba Malam, an ce kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka ga yadda marigayi yake yi. Ka raka ni."

A keke napep muka je. Giyabos ɗin yana ƙofar shago yana sheƙi da sabon fenti ruwan azurfa. Na tambayi mai shagon na wace mota ne.

"Duk suna shiga, Baba. Daga waje ya zo."

Duk suna shiga. Da Sule yana raye, wannan kalma kaɗai ta isa ta hana shi cin abincin rana. Ba sabon zamani nake ƙi ba. Motar da ke sa wa kanta giya ni'ima ce ga mai ciwon gwiwa irina, na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta ma haka. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya zauna a kan kaya bai san sunansa ba, ya duba hoto a waya ya kira farashi, in an tambaye shi ya rantse. Mu kuma da muka share masa fage ba mu da bakin yi masa faɗa.

Na tattare farar rigata na durƙusa gaban giyabos, karo na farko a rayuwata. Na sa farce na ƙirga haƙoran sandar: ashirin da ɗaya. Bala ya ciro guntun sandar tsohon giyabos ɗinsa daga buhu, na ƙirga: goma. Na sa aka kwance notin ƙasa. Sabon mai ne garau ya fara fitowa, na ƙarshensa kuwa yana ƙyalli a yatsana.

"Bala, ba naka ba ne. Ko da naka ne ma, ya mutu."

Mai shagon ya dube ni daga hula zuwa takalmi. "Baba, dama kai bakanike ne?"

"Malamin tarihi ne. Aikina ke nan, gane tsohon abu in an yi masa kwalliya."

Kada wani ya ɗauka nasara nake ba da labari. Mai haƙora goma, fitowar farko, na san akwai su a ɗakin nan, layi guda cur kusa da taga. Da ko ɗaya ya tsira, da yau tumatirin Gubi yana kasuwa. Abin da ya rage na Sule a garin nan shi ne tsohon malami da ya iya cewa ba wannan ba ne. Mai cewa ga shi ya tafi, kuma mun bi bayansa da guduma. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana wautar da muka yi da kyakkyawar niyya.

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Bala ya juyo gare ni. Kuɗin bijiminsa na aljihunsa, guntun sandar na kan cinyarsa.

"Baba Malam, 'yan gwangwan sun zo sau biyu suna zagaya motar. Na kore su." Ya kalli titi. "Gobe in sun dawo, kana ganin gaba ɗaya zan ba su, ko in bari su farfasa a auna?"