Tsibirin Baba Saja

Duk wanda ya san kakana Baba Saja ya san ba ya wuce ruwa bai yi masa kuɗi ba. Ko kududdufi ne a bayan kasuwar Zuru, sai ya ja birki, ya dogara sandarsa, ya ƙanƙance ido ɗaya ya ce, "Da a Ikko ne wannan, da tuni an kafa bene a bakinsa." Wata rana har a gaban randar matarsa, Kaka Ladi, na kama shi yana ƙiyasi. Ya rantse ruwa ya zo sha. Ni dai ban ga moɗa a hannunsa ba.

A aikin soja ya kwaso ciwon. Lokacin da yake bariki a Legas, wadda har ya bar duniya Ikko yake ce mata, wani ya yi masa tayin fili a bakin teku, cikin taɓo da sauro, a kuɗin rediyo. Baba ya ce shi ɗan tudu ne ba kwaɗo ba, ya je ya sayi rediyon. Bayan ya daɗe da ritaya ya koma bikin ɗan abokinsa, aka zaga da shi wurin. An cike taɓon, otal-otal sun miƙe, masu kuɗi suna kwance ƙarƙashin lema suna kallon teku. Da aka gaya masa kuɗin fuloti ɗaya, sai da aka zaunar da shi aka yi masa fifita.

Ya dawo mana da wa'azi. "Da can gudun ruwa ake yi, yanzu kallonsa ake saye. Abin da ya faru a Ikko yana hanyar Zuru, ku rubuta ku ajiye."

To, Baba yana da fili a bakin titi, inda ya yi wa Kaka alkawarin ɗakin bulo mai rufin kwano, domin nata na ƙasa ne, kuma da damina kwanonin tarar ruwa sun fi mu yawa a cikinsa. Ana tsakiyar ruwan Agusta ya yi musanyar filin da wani tudun yashi da ke tsakiyar rafi a wajen Manga, inda ruwa ya rabu biyu ya sake haɗewa. Manomin da aka yi musanyar da shi kunya ta kama shi har ya ƙara masa da akuya.

"Saja, ina filina?" in ji Kaka.

"Ladi, yau kin zama matar mai tsibiri."

"A ruwan zan kwana?"

"A bene za ki kwana. Ki ba kasuwa lokaci."

Ni ya ɗauka rakiya, don ni ne jikan da yake kira ɓarawon mata, wai ina yawan cin tuwon matarsa. Muka tuɓe riguna muka ɗora a ka, muka ratsa ruwa har ƙirji. Yana hawa tudun ya fara nuni da sanda: nan otal, nan wurin gasa kifi, can kujerun Turawa. Na ce, "Baba, su ma Turawan tuɓewa za su yi?" Ya ce wanda bai taɓa wuce Ribah ba ba ya sa baki a harkar ƙasa da ƙasa.

Sai rani ya zo. Rafin ya ƙafe ƙaf, ko ɗigon da kaza za ta sha babu. Tsibiri ya koma tudu a tsakiyar fili, 'yan kabu-kabu suna yanke hanya ta cikin tekun, shanu suna kwance daidai inda Turawa za su zauna.

Na ce, "Baba, an sace maka teku."

Ko gezau bai yi ba. "Kasuwa ce ta sauka. A Ikko ma tana sauka."

Daga nan ya kafa doka irin ta bariki: daga Kirsimeti har ruwan farko, ba a nuna wa kowa tsibiri, ba a ma ambatonsa. Amma hadari na haɗuwa farashi yake tashi. Duk tsawa ɗaya sai ya ƙara wani abu. In aka kwana ana ruwa, da safe ko gaisuwarmu da ƙyar yake amsawa, don ya shiga sahun manya.

Da wayar salula ta shigo gari, ya saya, wai mutanen Ikko kada su neme shi su rasa. Kullum yana kan dutsen bayan gida, hannu a sama, yana farautar sabis. Ranar da ta fara ƙara ya gyara murya, ya ƙame kamar yana gaban kwamanda. Ashe Kaka ce ta je wurin mai wayar haya da ke bakin titi.

"Saja, na samo maka wani tsibirin. Gadona ne, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Nawa za ka saya?"

Mai saye na gaske guda ɗaya ya taɓa zuwa, Alhaji Mamman mai buga bulo, shi ma yashin yake so, don ya ce bai ga mai kyansa ba a duk yankin. Baba ya raka shi har ƙofa da sanda. "Ka taɓa jin an sayar da Ikko tifa-tifa?"

A daminar bara bangon ɗakin Kaka ya faɗi. Allah Ya sa tana taron zumuntar mata a majami'a. Baba ya daɗe tsaye yana kallon gadonta a ƙarƙashin ƙasa, filonta ya leƙo ta gefe. Ya sa hularsa ta soja, ya tari ɗan kabu-kabu, sai wurin Alhaji Mamman. Suka shirya: in rafi ya ƙafe Alhaji ya kwashi yashi, shi kuma ya ba da bulo da kwano.

Duk ranin nan tifa tana jigila, Baba yana kan kujera yana yi wa magina fareti. Wanda ya kuskura ya ce ya sayar da tsibiri, ya jawo wa kansa.

"Wa ya sayar? Masu kuɗi ne suka makara, na ɗauko abina na kawo gida."

Ya ga an buga rufi, ya ga Kaka ta shiga, amma bai ga damina ba. Yana kwance a asibiti ya jawo hannuna ya ce, "Ɓarawon mata, in ruwa ya sauka ka leƙa mini ɗakin. In yana yoyo, ka je ka kama Alhaji."

Na leƙa, Baba. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shiga ba. Kaka tana zaune a bakin gado tana sauraren ƙarar kwanon, tana share ido da gefen zane. Ubangiji Ya ji ƙanka, Ya ba ka hutawa, Ya ba ta haƙurin rashinka.